Riga Ɗaya, Hoto Biyu

A shagon mai hoto, wata dattijuwa na zaune a benci tana jiran a wanko nata, sai ta ji saurayin gefenta yana cewa a goge masa budurwar da ke cikin hotonsa.

"Ɗana, me ta yi maka haka?"

"Zargi, Mama. Saura wata biyu aurenmu, amma kullum 'wa ya kira ka, ina ka je.' Na ce kowa ya kama gabansa."

"Allah sarki. To haka za a bar ka dafe da iska?"

"Akwai wadda za a sa. Ita ba ruwanta da bincike."

Ya miƙo mata wayarsa, ya nuna mata hotonsa da kowacce. Ta gyara tabarau, ta dubi wannan hoto, ta dubi wancan.

"Rigarka ɗaya a duka biyun. Har ɗigon man da ke wuyanta."

"Rana ɗaya ce, Mama, amma ba lokaci ɗaya ba."

Ta juya ga mai shago. "Malam, shi za ka goge. Ka haɗa 'yan matan, su ke da maganar yi."