Ranar da Na Yi Kukan Gaske a Gaban Zumunta

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai cetonmu. Sunana Saratu, daga wani ƙauye a gefen Durun. Shekara goma sha ɗaya na yi ina ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu, su kuma suna amsawa.

Ranar da aka ba ni aikin, shugabarmu Mama Rifkatu ta ce mini, "Mai ba da waƙa, fuskarta ake fara ji kafin muryarta." Na riƙe wannan magana har na wuce gona da iri. Na koyi inda zan ɗaga hannu, da inda zan durƙusa. In aka zo baitin gicciye, sai in matso hawaye in share da bakin zane. Mata suka ɗauka. In na durƙusa su durƙusa, in na share ido su share. Ni kuwa a zuciyata sau da yawa tunanin miyar rana nake yi.

Sai maigidana ya kwanta. Muka je asibiti a Gwarzo ranar Juma'a, likita ya ja ni gefe ya ce hanta ce, kuma ta ci ƙarfinsa, mu koma gida. Ban gaya wa kowa ba.

Ran Lahadi na tsaya a gaba kamar kullum. Ina cikin waƙa sai na zube, kuka ya ƙwace mini. Mata arba'in suka zube tare da ni, masu buga tukwane suka ƙara wuta.

Da aka tashi, Mama Rifkatu ta dafa ni tana murmushi. "Saratu, yau kam kin yi! Ranar babban taro haka nake so ki yi mana."

Ko mutum ɗaya bai ce mini lafiya ba. Wadda ta tambaye ni ita ce maƙwabciyata Inna Hajara, da ba ta taɓa taka ƙofar coci ba. A bakin rijiya ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wa ke ciwo a gidanku?"

Na ji haushin matan nan, ba zan ɓoye muku ba. Na tafi gonar gyaɗarmu na kai ƙararsu wurin Ubangiji. Ina cikin jera sunayensu sai na tuna ai ni na koya musu cewa hawayena ado ne. Na ce, "Ya Yesu, ka raba ni da wannan ƙarya, ko da aikin zai tafi."

Aikin kuwa ya tafi. Na tsaya gabansu da busassun idanu na faɗi gaskiya cewa hawayena na da na ƙarya ne, wasu suka ce na kunyata zumunta, aka ba wata aikin. Bayan wata biyu maigidana ya rasu. Waɗanda suka yarda da ni su shida ne, kuma su suka riƙe ni a jinyar.

Na gode wa Allah da ya kuɓutar da ni, ko da yake da tsada. Ku dogara gare shi, shi ba a yi masa kwalliya. In kuma kuka ga 'yar'uwa ta faɗi tana kuka a sujada, ku bar kiɗan, ku je ku tambaye ta abin da ya same ta. Amin.