Wayar Malam Zunnuraini

A Magamar Jibiya ne, kan bencin masu jiran motar Maraɗi. Safara'u na zaune da ƙullin kayanta, waya na ta ƙara a cinyarta. Wata tsohuwa da ke gefenta ta gaji da ji.

"Baiwar Allah, ki ɗauka mana, ko ki kashe ta."

"Ba tawa ba ce, Inna. Ta maigidana ce, Malam Zunnuraini. Jiya na fita takaba."

"Allah ya jiƙan shi. To su wa ke neman shi?"

"Masu neman jini. Shi ne shugaban ƙungiyar masu ba da jini kyauta. Shekara sha shida, daga Riko har Bugaje, in haihuwa ta zo da gardama wannan lambar ake kira."

"Ashe ya tara abin duniya."

"Ya bar mini babur marar birki. Tuwona bai taɓa cin shi da zafi ba. Ni dai in ƙetare iyaka, layin ya ɗauke, in huta a gidanmu."

"To yanzu wa ya san masu bayarwar?"

Safara'u ta dubi wayar. A gabanta marigayin ya riƙa kiran su, har ta haddace irin jinin kowa.

Direba ya leƙo ya ce, "Maraɗi, saura mutum biyu!"

Tsohuwa ta miƙe. Wayar ta sake ƙara, Safara'u ta ɗauka.

"Salamu alaikum. A'a, ya rasu. Amin, amin." Ta sauke ƙullin ƙasa. "Inna, ku tafi kawai. Malam, wane irin jini likita ya ce?"