Ba Ni Na Rubuta Ba

A ɗakin jiran likitan haƙori, wani dattijo ya miƙa wa matar da ke gefensa waya.

"Karanta saƙon nan, 'yata. An yi wa 'yan majalisa wankin babban bargo. Mutum ashirin zan tura wa."

"Wa ya rubuta, Baba?"

"Oho. Shekara talatin ina aikin gwamnati, bakina a ɗinke. Abin da na haɗiye ne wani ya amayar."

"To me ya sa ka ƙara 'ba ni na rubuta ba' a sama?"

"Sabo ne. Goge shi. Sa sunana, har da na mahaifina."

"Ba ka tsoro?"

"Haƙori huɗu suka rage min, yau za a cire ɗaya. Me kuma za su ɗauka? Tura."