Kwalin Kaset a Tashar Madawa

A tashar Madawa ana jiran motar Buza ta cika. Wani dattijo ya rungume kwali bisa cinyarsa, wata mata tana zaune kusa da shi.

"Baba, ka ba su kwalin nan su ɗaure bisa mota mana."

"Rana ta narkar min da kaset? A'a, ɗiyata."

"Kaset? Na wa'azi?"

"Akwai wa'azi, akwai kiɗan garaya, akwai jitar Buzaye. Ɗari shida gare ni a gida, amma fiye da rabi waƙoƙin rap ne. Duk ƙasar Adar babu wanda ya kai ni."

Matar ta yi dariya. "Kai da furfurarka? Wannan surutun na samari?"

"Kin taɓa saurare? Suna faɗin yunwa da cirani, abin da mu muka ji kunyar faɗi."

"To mi ya kai ka tara su?"

"Ɗana Ridwan ya yi nashi kaset, shekara ashirin ke nan. Na jefa shi wuta gaban abokanshi. Ya tafi Abijan, bai sake kwana gidana ba. Tun daga nan duk kaset ɗin rap da na gani sai na ɗauka, ko nashi na ciki."

"Allah sarki. Ka samu kuwa?"

"Jiya, wurin wani mai gyaran rediyo. Na kira Ridwan, na kunna mishi ta waya."

"Mi ya ce?"

"Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, 'Baba, ashe ban iya ba.' Na ce ƙarya kake, ka iya. Yana zuwa da Sallah."