An Cika Zauren Inna Kulu da Shinkafa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hassi daga Gummi, kuma yau raina a ɓace yake.

A unguwarmu akwai Inna Kulu, tsohuwar malamar firamare. Tun da ta ajiye aiki take koya wa matan aure karatu da rubutun Hausa, kyauta, a zauren da mu mata muka ɗebo ruwan gininsa da kanmu. Matan Fulani masu tallan nono ma sukan sauke ƙwarya su zauna, ta yi musu bayani da Fillanci. In ɗayarsu za ta je asibiti, ita ke raka ta, ta yi mata tafinta.

Ranar Asabar muka zo karatu, muka tarar mai unguwa ya sa an cika zauren da buhunan shinkafa, an garƙame ƙofa, allonmu yashe a waje. Na je na durƙusa gaban mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, ina za mu zauna?"

Sai ya ce, "Ke Hassi, kaka ta yi. Ku da kun tsufa, mi za ku yi da boko?"

Inna Kulu ba ta yi faɗa ba. Ta kakkaɓe allon ta ce, "Ku taho, inuwar itacen bedi ba ta da makulli."

Ita ta haƙura, ni kam ban haƙura ba. Jama'a, ku ba mu shawara, wa za mu kai wa kuka? Mai unguwa kuma, na san kana saurare. Ka tambayi amfanin bokonmu. To, wasiƙar nan da hannuna na rubuta ta.