Sunan Muttaka Sau Biyu

A tashar Haɗeja, motar Auyo tana jiran cika. Wata matashiya ta ɗora kwamfuta a cinya, wani dattijo yana zaune gefenta.

"'Yata, tun ɗazu kike tsaki. Lafiya?"

"Baba, sunayen manoman da ƙungiyarmu za ta ba irin shinkafa ne na shigar a wata manhaja. Na rubuta wa manhajar adireshin babbar kwamfutar ƙungiya, amma ta yi biris da shi, ta zuba su inda ta saba, cikin wannan tawa. Da suka buɗe a ofis, wayam."

"Ashe ke ce! Shekaranjiya na hau babur na je karɓa, aka ce babu sunana. Ga gona a gyare, ga damina ta kankama."

"Yi haƙuri, laifin manhajar ne."

"Ba ta gaya miki ba?"

"Ta dai nuna wani jan rubutu. Ina sauri, na danna na wuce."

"To, ai ta faɗa."

"Haka ne, Baba. Yanzu ma ofis ɗin zan kai musu sunayen. Yaya sunanka, in duba?"

"Muttaka Usaini."

"Ga shi. Amma sau biyu ka fito."

Dattijon ya rage murya.

"Ɗayan na gonar ƙanena ne, Allah ya jiƙansa. Matarsa ke nomawa, ta ce ba za a rubuta mace ba. Don Allah kada ki goge."

"Wa ya ce ba a rubutawa? Yaya sunanta?"

"Rahmatu Shu'ibu."

"To, bari in sa mata nata."