Tsohon Mai Kwale-kwale a Gindin Gada

Ina jiran mota a gindin gada sai wani tsoho ya tare wata mata mai rungume da littattafai.

"'Yata, ina hanyar shiga jami'a? Yau jikata ke karɓar digiri."

"Ka haye gadar nan, Baba, ka bi dama."

"Ta wajen injin niƙa?"

"Wane inji kuma? Ɗakin karatu ne a wurin."

"To ai a nan nake ɗaure kwale-kwalena. Kafin a yi gadar nan, ni ke tsallakar da ɗalibai. Wani ya shigo da kwat yana hura hanci, ruwa na motsawa sai ka ji yana kiran uwarsa."

Ta yi dariya. "Hasumiyar can fa?"

"Tankin ruwa ne da. A bayanta akwai matakala, daga nan sai babban zaure."

"Baba, ashe ka fi ni sanin hanya. Ba ɓata ka yi ba."

Ya shafa gaban rigarsa.

"Iyakata bakin ruwa. Nakan sauke ɗalibai in juya, ban taɓa taka ciki ba. Sauran a bakinsu na ji. Ana barin irinmu su shiga?"

"Taso mu tafi tare, a can nake koyarwa. In mai gadi ya tambaya, sai in ce babana ne."

"A'a, 'yata, kar ki yi ƙarya saboda ni." Ya gyara hularsa. "In ya tambaya, ni zan amsa. Jikata ce ta gama."